Mai Tafiya Ƙasar Waje Da Karensa: A Tafi Da Shi Ko A Bar Shi?

Duk wanda Allah ya nufa da tafiya ƙasar waje, ko don ƙaro ilmi ko don neman abinci, yakan zauna ya tsara al'amuran gidansa tun kafin ranar tashi. Gona ya danƙa wa ƙane, awaki da tumaki ya ba da su kiwo ko ya kaɗa su kasuwa, bashin da ake binsa ya biya, wanda yake bi ya wakilta wani, iyali kuma a san wanda zai riƙa duba su. Abu guda ne ba a cika sa shi cikin wannan lissafi ba, sai ranar da mota ta tsaya a ƙofar gida ana ɗora kaya, sa'an nan a gan shi yana kewaya ta yana kaɗa wutsiya. Wannan kuwa shi ne kare.

Mutumin birni zai ce wannan ai ba abin ɓata takarda ba ne. Amma a kudancin jihar Kano, watau ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kare yana da matsayin da ba shi da shi a cikin ganuwa. Wanda ya bar hanyar Zariya a Kwanar Ɗangora ya ɗauki hanyar Jos, da ya wuce Tudun Wada zai ga ƙasa ta fara sauya kama, itatuwa sun yi yawa, duwatsu sun fara tasowa, har ya ratsa dajin Falgore ya faɗa ƙasar Doguwa. Wannan daji, wanda Turawa suka keɓe da sunan gandun Kogin Kano, daga bisani cikin shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji, doka ta hana farauta a cikinsa. To, amma namun daji ba su san iyaka ba. Manomin da gonarsa ta masara take bakin daji ya san abin da garken birai ke yi wa gona cikin yini guda, makiyayi kuma ya san amfanin haushi a tsakar dare. Ga mafarauta, waɗanda da an kawar da amfanin gona sai su fita neman zomo da gafiya da gada da fakara, su kuwa kare ne rabin sana'arsu. Saboda haka kare a nan ma'aikaci ne, ba abin ado ba.

Daga wannan yanki ne kuma mutane ke fita. Akwai malamin makaranta ko jami'in gona da ya sami gurbin karatu a Ingila ko Malesiya ko Masar. Akwai ɗaliban da gwamnatin jiha ke ɗaukar nauyinsu, kamar waɗanda aka tura Indiya da Uganda a shekarar 2023. Akwai kuma samari masu zuwa Saudiyya aikin ƙarfi, ko da yake ba a cika ambatonsu ba. Kowane ɗaya daga cikinsu da ke da kare, dole ya yanke shawara, ko ya yanke da saninsa ko halin tafiya ya yanke masa.

A da tambayar ba ta tasowa. Lokacin da ake tafiya Makka a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan, ana yada zango ana sana'a har shekaru, dabbar da ke iya bin ayari tana bi. Haka Fulanin da ke tashi da shanunsu zuwa Kamaru ko Afirka ta Tsakiya, ba wanda ke tambayar karensu takarda a cikin daji. Ko a nan gida, sa'ad da gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, aka tashi ƙauyukan da ruwa zai ci, ƙaura ce ta kusa wadda kare zai iya bin masu shi da ƙafarsa har sabon matsuguni. Jirgin sama da fasfo ne suka raba mutum da karensa.

Ƙa'idojin ƙasashe

Wanda ya ce shi lalle sai ya tafi da nasa, ya kamata ya san abin da ke gabansa, domin ƙasashen da ake zuwa sun sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ciwon haukan kare ya yi katutu. Ba kuwa sharri suka yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan dukansu daga kare suke samunsa.

A ɗauki Ingila. Tun 1922 ta raba dabbobinta na gida da wannan ciwo, ta kuwa yi tsayin daka kada ya koma. Shekaru da dama duk karen da aka shigar sai an tsare shi wata 6 cur a gidan killace dabbobi, mai shi ne kuma ke biya. An sassauta wannan a farkon 2012, amma abin da ya maye gurbinsa ma ba na mai gaggawa ba ne. Da farko za a sa wa kare wata 'yar ƙwaya mai kama da ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambarsa wadda na'ura ke karantawa. Bayan haka a yi masa allurar rigakafin hauka. A jira aƙalla kwana 30, a ɗebi jininsa a aika wani ɗakin bincike da hukumomin can suka amince da shi, don a tabbata allurar ta kama. In sakamako ya yi kyau, a ƙara jira wata 3 daga ranar da aka ɗebi jinin. Ana gab da tashi a ba shi maganin tsutsar ciki, likitan dabbobi na gwamnati ya sa hannu a takardar lafiya, a nemi izinin fita daga hukumar killace dabbobi da tsirrai ta tarayya. Sa'an nan kare ba zai zauna kusa da mai shi a jirgi ba, cikin keji za a sa shi a ɗauke shi a matsayin kaya. Duk wanda ya haɗa wannan lissafi zai ga ya haura wata 4, in komai ya tafi daidai ke nan. Alhali kuwa ɗalibi sau da yawa bizarsa ba ta fitowa sai saura 'yan makonni a fara karatu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Amurka kuwa a watan Yuli na 2021 sai ta dakatar da shigar da karnuka daga ƙasashe fiye da 100, har da Nijeriya, ɗaya daga cikin dalilan da ta bayar shi ne yawaitar takardun rigakafi na jabu. Tun 1 ga Agusta, 2024 aka buɗe ƙofar da sababbin sharuɗɗa: kare ya kai wata 6 da haihuwa, ya zo da ƙwayar lamba da shaidar rigakafi, a sauke shi a ɗaya daga cikin 'yan filayen jiragen da ke da wurin duba dabbobi, wanda ba shi da shaidar gwajin jini kuma a tsare shi kwana 28. Saudiyya, inda mutanen wannan yanki suka fi zuwa, ƙa'idar da aka daɗe da saninta da ita ita ce ba da izini ga karen farauta da na gadi da na jagorar makaho. Amma ma'aikacin da zai kwana a ɗakin da maigidansa ya ba shi, shi da mutum biyar, ina zai ɗaure kare? Ɗalibin da ke ɗakin kwanan makaranta ma haka.

Turawa da dama ba sa ganin wannan wahala a bakin komai, don su kare ɗan gida ne. A watan Agusta na 2021, ana tsakiyar rububin fita daga Kabul, wani tsohon sojan Ingila mai suna Pen Farthing ya fitar da karnuka da kyanwoyi fiye da 150 cikin jirgin shata, a daidai lokacin da dubban mutane ke bakin filin jirgi sun rasa wuri, abin da ya ta da muhawara mai zafi a ƙasarsu. Bahaushe ba zai yi wannan ba, ba kuma lalle ne a ce rashin tausayi ne ba. Sai dai akwai ratar da ke tsakanin hayar jirgi saboda kare da kuma rufe ƙofa a bar shi a waje, a cikin wannan rata ne amsar take.

Ko da kuɗi da lokaci sun samu, akwai wata tambaya da ba a cika yi ba, ita ce ko karen kansa zai amfana. Karen da ya tashi yana bin sawun gada a gefen Falgore, yana kwana a bakin rumbu, a kai shi hawa na bakwai a garin sanyi, a rufe shi tun safe har mai shi ya dawo daga laccoci, wannan ba gata aka yi masa ba.

Abin da malamai suka ce

Akwai masu zaton cewa tun da kare ne, addini ba ruwansa da yadda aka yi da shi. Wannan kuskure ne, littattafan da ake karantawa a zaurukan wannan ƙasa kuwa sun isa shaida. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sha har sau bakwai kuma bin umarni ne. Alƙur'ani cikin Suratul Ma'ida ya halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. Hadisi ya yi izinin ajiye kare don farauta ko kiwo ko gona, ya kuma yi kashedin raguwar lada ga wanda ya ajiye shi ba dalili. Risalar Ibn Abi Zaid ta bi wannan hanya ta tsanantawa, amma masu sharhinta sun kawo labarin cewa shi mawallafin, da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, ya ajiye kare don gadi, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik sai ya amsa da cewa da Malik ya riski irin wannan zamani da zaki ma zai ajiye.

Game da mai tafiya kuwa, abubuwa biyu sun fi dacewa a tuna. Na farko ƙissar Ashabul Kahfi, samarin da suka bar garinsu saboda addininsu, karensu ya bi su har bakin kogo, Alƙur'ani kuma bai bar shi a baya ba wajen ƙidayarsu. Na biyu hadisan nan guda biyu da ke cikin Bukhari da Muslim, na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Wanda ya ɗaure kare a gidan da ya kwashe kayansa, yana cewa maƙwabta za su ji kukansa su kawo masa ɗauki, ya duba wanne daga cikin biyun ya fi kama da shi.

Sayarwa fa? Mashhurin zance a mazhaba shi ne hana cinikin kare. Amma an ruwaito cewa Sahnun, wanda ya tattara Mudawwana, ya halatta sayar da karen da aka yi izinin ajiyewa, har ya ce shi zai sayar ya yi aikin hajji da kuɗin. Wannan saɓani ne na malamai, mai tafiya ya tambayi nasa malamin. Abin da ya fi saɓanin muhimmanci a wannan yanki shi ne wa za a sayar wa. Bayan hukuncin addini akwai kuma na hukuma, domin kundin dokokin laifuffuka na Arewa, wanda ake kira Final Kot, ya tanadi horo ga mai zaluntar dabbar gida ko wofintar da ita.

Inda karen da aka bari yake ƙarewa

Ba kowane kare ne tafiyar mai shi ke cutarwa ba. Karen da ke babban gida, inda uba da ƙanne da mata da yara suke, shi na gida ne ba na mutum guda ba. Ƙanzon da yake ci ba zai yanke ba don mutum ɗaya ya tafi. Zai yi kwana biyu yana leƙa ɗaki, daga nan ya ci gaba da gadinsa.

Iri biyu ne ke shiga uku. Na farko karen ma'aikacin da ke zaune a gidan gwamnati ko gidan haya, a makaranta ko asibiti ko sakatariyar ƙaramar hukuma. Ranar da ya miƙa makulli, iyali suka koma garinsu, gidan karen ya rushe ke nan. In karen Turawa ne, irin su Alseshan da wasu ma'aikata ke sha'awa, abin ya fi muni, don bai saba da tuwon dusa ba, kaska kuma tana kayar da shi cikin sauƙi, wanda aka bar wa shi kuwa ba zai raba kuɗin cefanensa da kare ba. Na biyu karen farauta. Shi mutum guda ya sani, muryarsa da fitonsa. Mafarauci ya ɓata shekara ɗaya ko biyu kafin ya horar da shi ya san kamawa ba tare da ci ba, in aka bar shi a hannun wanda ba ya fita daji, sai ya shiga farautar kajin unguwa, daga nan kuma sai sanda ko guba.

Hanyar nan ta Jos da ta ratsa Tudun Wada da Doguwa tana da wani amfani da ba kowa ke son faɗa ba. Jihar Filato ta nufa, inda kasuwar Dawaki take a ƙaramar hukumar Kanke, wadda ta yi suna a matsayin babbar kasuwar karnuka a ƙasar nan. Fatake na bin ƙauyukan Arewa suna saye, su tara a keji, daga Dawaki kuma a yi lodi zuwa jihohi irin su Kuros Riba da Akwa Ibom inda ake cin naman. Karen da aka bar wa wanda ba ya sonsa, ranar da farke ya ratso ƙauye da 'yan kuɗi a hannu, an gama. Mai shi yana can yana zaton yana nan.

Wanda bai faɗa hannun fatake ba sai ya zama na bola da mahauta, a nan ne kuma maganar ta tashi daga ta tausayin dabba ta koma ta lafiyar jama'a. Karen da ba shi da mai shi ba wanda zai kai shi rigakafi. Yana cuɗanya da wasu irinsa, a bakin daji kuma har da dila. In ya kamu da hauka, yara ne kan gaba wajen cizo, domin kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake cizo ba su kai shekara 15 ba. Ciwon yakan ɓoye wata 2 zuwa 3 kafin ya bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, da ya bayyana kuwa kusan ba mai tashi. Abin da ke ceto shi ne a wanke wurin cizon nan take da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti a fara allurai, allurai masu tsada waɗanda ba kowane ƙaramin asibitin karkara ke da su ba. Abin takaici shi ne rigakafin karen kansa ba shi da wannan tsada. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana yin allurar a nan gida, masana kuma sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri, ciwon yakan yanke. Kowane kare da mai tafiya ya saki ba tsari, ragi ne daga wannan kashi 70.

Yadda ake bari

Ga mafi yawan masu fita daga wannan yanki, barin karen ne daidai. Sai dai bari iri biyu ne, akwai miƙawa akwai yasarwa, abin da ya raba su kuwa aikin mako biyu ne ko uku.

Babban kuskure shi ne cewa "ajiye mini har in dawo." Mai digiri na uku zai yi shekara 3 ko 4, mai aiki a Saudiyya ma bai san ranar dawowarsa ba, kare kuwa in ya daɗe ya yi shekara 10 zuwa 13, na ƙauye ma ba ya kaiwa. Mai ajiya ba ya kashe kuɗinsa a kan abin da ba nasa ba, ba ya kuma horar da shi, kullum jira yake a zo a ɗauka. Gara a ba da shi kyauta ɗungurungum, a gaban shaida, ga wanda ke da bukatarsa: karen farauta ga mafarauci, na gadi ga mai gona ko mai garke. Wanda ya karɓa don kunya bai karɓa ba. In mutum ya ce "to, Allah ya kai mu" yana kallon ƙasa, a nemi wani.

Kafin miƙawa a kai shi ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma a yi masa rigakafin hauka, a ba shi maganin tsutsa da na kaska, a haɗa da katin a ba sabon mai shi, a nuna masa watan da za a sake. In karya ce, a yi shawara da likita kan hana ta haihuwa, don wanda ya yarda da kare ɗaya bai yarda da bakwai ba. Mai hali ya bar buhun dusa ko na masara, ko ya sa a riƙa cire wani abu daga kuɗin da yake aikowa gida. Karen da ya tsufa ƙwarai ko yake da ciwon da ba ya warkewa, wanda ba mai karɓarsa, likitan dabbobi ne zai duba ya faɗi abin da ya fi sauƙi gare shi, ba yaran unguwa da duwatsu ba.

Saura dabarar da masu kiwon kare suka sani. Ba a kai kare sabon gida ranar tashi, don zai tsinke igiya ya koma tsohon gida, ko da mil goma ne, ya kwanta a ƙofar da ba mai buɗewa. Tun saura mako biyu ake kai shi, a ɗaure shi a inuwa da ruwa kusa, a shimfiɗa masa tsohon buhun da ya saba kwanciya a kai. Sabon mai shi ne kaɗai zai riƙa ba shi abinci da hannunsa, yana kiransa da sunan da ya sani. Tsohon mai shi ya leƙo sau ɗaya ko biyu a makon farko, bai kawo komai ba, bai daɗe ba. A mako na biyu kada ya zo.